Tulun Zumunta a Ikko

Tun da na dawo daga Ikko bakina bai huta ba. In na je rijiya, "Talatu, yaya Ikko?" In na je niƙa, "Da gaske ne ruwa ya kewaye garin?" Matan zumuntarmu kuwa tambayarsu ɗaya ce, kuma ba da fara'a suke yin ta ba: "Ina tulunmu?" Na gaji da ba da labari gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na jera shi daga farko, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ƙauyenmu yana bayan Zango, a ƙasar Daura. Mu Kirista ba mu da yawa, 'yan gidaje ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, rijiyarmu ɗaya, suna da jana'iza ma tare muke yi. Majami'armu ta ƙasa ce da rufin kwano. Dukiyarta kaf ita ce bencina, da ƙarfen tayar mota da muke bugawa a madadin ƙararrawa, sai tulu. Tulun kiɗa ne, baƙi, mai huda a gefe, ana dukan bakinsa da soso ya yi gunji har cikin ƙirjin mutum. Al'adarmu ita ce, ranar da aka fara kawo jariri majami'a, kakarsa ce za ta zauna a gaba ta buga tulun ta ɗaga waƙar maraba, uwarsa ta yi amshi. Ranar kaɗai ake yafe wa mace kunyar ɗan fari. Mahaifiyata ta buga wa 'yata, ni na yi amshi ina ɓoye fuska, kuma tun ranar nake jiran nawa karon.

'Yar tawa ta fari ce, don haka kada ku jira jin sunanta a bakina, Maijego zan riƙa ce mata. Ta yi boko, ta samu aikin banki a Ikko, ta auri wani yaron kirki ɗan Jos. Da ta haihu, namiji, na gyara ɗaki ina jiran ta zo wankan gida kamar kowace 'ya. Sai saƙo ya zo ta shagon mai waya a Zango cewa wurin aiki ba za su bari ba, ni in zo.

Baban yara ya ce, "Ki ɗauki kuka da daddawa, ki bar wa mutane tulunsu. Masu jita da lantarki me za su yi da yumɓu?"

Na tafi wurin Mama Hannatu, shugabar zumuntar matan majami'armu. Ta dube ni ta dubi tulun, ta ce, "Ki tafi da shi, ki dawo da shi. In ya fashe, ki nemi ɗaki a can ki zauna." Maƙwabciyata Hajiya Indo ce ta naɗe min shi da tsohon bargo, ta haɗo min kanwa da man shanu, ta ce in shafa mata kan angon namu.

Rigima ta fara tun a tashar Daura. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, mata a baya maza a gaba. Wannan bai dame ni ba, dama can ba na son warin taba. Abin da ya dame ni shi ne direba ya ce a sa tulu a but, tare da buhun gyaɗa da akuya. Na ce sai dai a sa ni a but ɗin, tulu ya zauna a kujera. Ya ce, "Inna, ciki gare shi ne?" Na ce ya girmi ubansa dai. A cinya na rungume shi har Kano, ƙafafuna suka mutu murus.

Kafin mu shiga Kano wasu samari masu binciken giya suka tsayar da mu. Ɗayansu ya leƙo ya ga abu a naɗe a cinyar tsohuwa, ya ce in buɗe. Da ya ga tulu, ya ji sunana Talatu Bulus, sai ya kira 'yan uwansa. Ya sa hanci a bakin tulun ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Baba, na burkutu ne?"

Na juya masa hudar gefe. "Yaro, gidanku a irin wannan kuke ajiye ruwa?"

Na zaro soso na ba tulun duka biyu uku, akuyar da ke but ta amsa. Duk motar aka kwashe da dariya har da su. Yaron ya ba ni haƙuri, ya taya ni naɗe bargon, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na ce amin, Allah ya ba shi mata mai haƙuri.

A Kano na kwana wurin ƙanwar Hajiya Indo, ta cika ni da tuwo kamar za ni yaƙi. Washegari aka sa ni a doguwar motar nan mai talabijin a ciki. A nan babu zancen mata a baya, kowa da lambar kujerarsa, ni tawa ta haɗa ni da wani Alhaji Sale, mai fataucin shanu daga Mai'adua. Da ya ji ni 'yar Zango ce sai muka zama dangi. In an tsaya salla ni ke tsaron jakarsa, in zan zaga shi ke riƙe min tulu, yana riƙe shi nesa da jiki kamar an ba shi jaririn da bai sa nafkin ba.

Bayan mun wuce Kaduna wani mutum mai kwat ya miƙe a tsakiyar mota ya ce a rufe ido. Ya yi addu'a da Turanci, ya yi da Hausa, ya ɗaure aljanun hanya, ya rufe tayoyi da jinin Yesu. Na ji daɗi ƙwarai, na ce amin da ƙarfi. Ina buɗe ido na ga ya buɗe jaka, ya fito da maganin basir, da na sanyin ƙashi, da wani wai na farin jini. Muryar da ya yi addu'a da ita, da ita ya shiga talla, ko numfashi bai canza ba.

Alhaji Sale ya karkato ya ce, "Wannan naku ne?"

Na ce, "A addu'a namu ne. A magani ban san shi ba."

Alhaji dai ya sayi na basir.

Ban tsallaka iyakar ƙasa ba, amma da muka haye gadar Kwara na san na bar gida. Allunan tallan giya sun fi majami'armu faɗi, kuma kusa da kowane akwai allon wani fasto da matarsa suna murmushi, haƙora fes. A wurin cin abinci aka kawo min wani baƙin tuwo mai santsi da miya mai yauƙi, barkonon ciki ya sa na tuna da duk zunubaina. Wata yarinya ta kawo min tallan dodon koɗi a tsinke. Na ce mata a garinmu yara ma wasa suke yi da shi. A tashar Ikko cunkoso ya yi yawa, hannu biyu ba su isa ba, sai na ɗora tulun a baya na ɗaure da zane kamar goyo. Na ga kuwa ana ba ni hanya.

Surukina ne ya zo tarona. Ni da na shirya sunkuyar da kai mu gaisa daga nesa, kafin in ankara yaron nan ya rungume ni a gaban jama'a yana "Momi! Momi!" Na so ƙasa ta tsage. A gida kuma aka jera abinci a tebur wai mu ci tare, ni da suruki, yana kallon bakina. Na ce azumi nake. Da ya fita na cinye har da nasa ragowar.

Gidan a sama yake, hawa na uku, ba tsakar gida ba murhu. Na tafi da ganyen darbejiya don wankan jego, na tarar ruwan zafi a wata 'yar buta ta lantarki ake dafa shi, wadda ko kaza ba za ta ishe a fige ba. Maijego ta ce likita ya hana wankan ganye. Na ce likitan uwarsa da me ta yi wanka? Muka yi sulhu, ta sha kunun kanwa, ni kuma na bar ganye. Angon nawa kuwa kyakkyawa ne, hancin babana sak, sai dai rowa gare shi, ko kuɗin cefane bai ba ni ba.

Ana jibi za a miƙa shi ga Ubangiji na kwance bargo na fito da tulu ina gogewa. Maijego ta shigo ta gan shi, fuskarta ta canza.

"Inna, me ya kawo wannan?"

"Abin da ya kai shi gaban majami'a ranar da aka kawo ki."

"Inna, don Allah ki rufa min asiri. Nan ba kamar gida ba ne. Komai a tsare yake, akwai 'yan kiɗa, akwai masu ɗaukar hoto, jarirai da yawa za a yi wa lokaci ɗaya. Abokan aikina duk za su zo. Ni waƙar ma na manta ta."

Na mayar da bargo. Amma abin ya yi min ciwo, ciwon da ban ji irinsa ba tun rasuwar mahaifiyata. Ba don wahalar ɗauko tulu ba. Maganar nan ta ƙarshe ce ta ƙona min rai.

Ranar Lahadi su suka riga ni fita, don ana son iyayen jarirai da wuri. Aka bar ni in taho da maƙwabciyarsu, wata Bayarabiya da ake kira Iya, wadda ta yi zaman Kano tana sayar da atamfa, Hausa a bakinta kamar ruwa. Na gaya mata damuwata. Na ce ba rigima nake nema ba, so nake in shiga da tulun kawai, in an ɗaga jikana in ɗan buga a hankali a ƙarƙashin hayaniya, ni da Allah mu ji.

Iya ta ce, "Ba sa barin kaya a ƙofa. Ƙaramar jaka kawai, sai jariri." Ta dube ni, na dube ta. Ita ta taya ni ɗaure goyon, ta lulluɓa masa tawul, ta kawo hular ulu ta jikarta ta kifa a bakin tulun. Ta ja da baya ta duba ta ce ya yi kama da ubansa.

Majami'ar tasu, kasuwar Mai'adua ce aka yi wa rufi. Tun daga bakin titi rumfuna ne a jere: man zaitun a kwalba, hankici, ruwan roba, kaset, kalanda, sitika ta mota da ta ƙofa, riguna, kowanne da hoton babban fastonsu da suke kira Dadi. Iya ta ce kowane wata da sunansa da kayansa, wannan watan na buɗe mahaifa ne, shi ya sa hankicin ya zama ruwan hoda. Ta ce in jira ta, za ta sayo wa ƙanwarta ɗaya kafin ya ƙare. Jama'a suka turo ni gaba, ban sake ganin ta ba sai bayan an tashi.

A ƙofa wata budurwa mai kwat da 'yar rediyo a hannu ta tare ni. Ta dubi furfurata, ta dubi goyona, ta nuna shi ta tambaye ni da ɗan Turancin da nake tsinta ko ni ce mai shi. To na wa ne? Na gyaɗa kai. Ta dafe ƙirji, ta yi magana a rediyon da sauri. Kafin in ce kwabo mutum huɗu sun kewaye ni, wannan ya karɓi jakata, wancan yana min fifita, aka wuce da ni gaba can layin masu jego, aka zaunar da ni a kujera mai laushi. Na ce a raina, ashe mutanen Ikko suna da ladabi, sharri ake musu.

Aka yi kiɗa kamar za a tsaga rufi, aka yi baiko, wato tara kuɗin majami'a, har sau uku, kowanne da irin ambulan ɗinsa. Can sai na ɗaga kai na ga wata tsohuwa a babban allon bango, ta saki baki tana kallon sama. Na ce wannan baiwar Allah daga gani 'yar ƙauye ce. Sai na ga ɗankwalina a kanta.

Majami'a ta ɗauki ihu. Mai sanarwa yana ta kiran sunan Saratu matar Ibrahim, mata suna faɗuwa ƙasa suna kaɗa hankici. Aka kama hannuna aka hau da ni kan dandamali, gaban Dadi, wani dogo cikin fararen kaya mai ƙamshin turare. Ya yi min magana ban gane ba, ya nemi mai jin Hausa. Wa zai fito in ba surukina ba? Ya taho gumi yana zuba, ya karɓi makirfo.

"Momi, Dadi ya ce shekarunki nawa, kuma yaushe kika haihu?"

"Na haihu? Ni?"

A gaban suruki! A gaban duniya! Ban gama salati irin namu ba Dadi ya zagaya bayana don ya sa wa jaririn al'ajabi albarka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɗaga hular ulu, mai hoto ya matso, bakin tulu ya cika allon bango, baƙi ƙirin.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Na hango Maijego a layin iyaye, rungume da jariri, ta sunkuyar da kai har gwaggwaronta yana taɓa shi. Na hango ƙarti biyu suna hawowa ta gefe. Na ce to, Talatu, ta faru ta ƙare, in za a fitar da ke gara a fitar da ke kin yi abin da ya kawo ki. Na kwance goyo, na zauna dirshan a kan kafet, na zaro soso daga ƙugu. Surukina, Allah ya yi masa albarka, ko ruɗewa ce ko dabara, sai ya sauke makirfo daidai hudar tulun.

Jama'a, ashe tulun nan bai taɓa samun wurin da ya ishe shi ba. Dukan farko, sai da na ji dandamali ya girgiza. Ƙartin suka tsaya. Na ɗaga waƙar mahaifiyata:

"Baƙo ya sauka, wa ya aiko shi?"

Ba amshi. Dubban mutane, ba wanda ya san ta sai mutum ɗaya, ita kuma kanta yana ƙasa. Na sake bugawa na sake ɗagawa, muryata ta fara karyewa. Na ce in na yi na uku ba a amsa ba, zan naɗe kayana in nemi hanyar tasha.

"Baƙo ya sauka, wa ya aiko shi?"

"Mai sama ne, riƙo ya ba mu."

Siririyar murya ce, daga gefe. Na ɗaga ido na gan ta tana tahowa a kan dogayen takalmanta, hawaye ya ɓata kwalliyar da aka yi tun asuba. Ta hau dandamali ta durƙusa a gabana da yaron, kamar yadda na durƙusa gaban mahaifiyata. Na ɗaga baiti na biyu ta amsa, na uku ta amsa. Mai gangar Turawa ya kama kiɗan, sai ga majami'a duka a tsaye ana rawa, ba wanda ya san abin da ake faɗa. Ni dai ban ga kowa ba, ina bugu ina kuka, majina har haɓa, kuma duk an nuna a allo.

Dadi ba daga nan ba. Iya ta gaya min daga baya cewa ya karɓi makirfo ya ce tun cikin mako aka nuna masa wata uwa za ta zo daga arewa da tukunyar yabo. Ban san wannan ba, tsakaninsa da Mai nunawa. Amma gaskiya ɗaya, ya ɗauki jikana ya yi masa addu'a mai kyau, kuma na ce amin.

Lahadin da ta biyo, tun daga bakin titi na ga sabon kaya a rumfuna: ƙananan tuluna, an shafa musu fenti, an ɗaura ribon, ga hoton Dadi a ciki. Ko huda babu a gefe. Na ɗauki ɗaya na buga, ya yi ƙwas kamar an taka ƙwarya. Mai rumfar bai gane ni ba, ya ce in saya, irin na tsohuwar nan ne sak. Wasu manya kuma suka biyo mu gida wai in bar musu na ainihin a sa a gilashi. Na ce na matan zumunta ne, kuma bai saba zama ba aiki ba.

Da na gama kwanakina suka raka ni tasha. Na naɗe tulu a bargon Hajiya Indo, na sa ƙafa ɗaya a mota, sai Maijego ta riƙe bakin bargon.

"Inna, ki bar min shi."

"Ke da kika ce in rufa miki asiri? Na mata ne, da sharaɗi aka ba ni."

"Na sani. Amma in yaron nan ya girma ya tambaye ni ina ne gidanmu, me zan nuna masa? Sitika?"

Na tuna fuskar Mama Hannatu, na dubi ta 'yata. Na sakar mata bargon, na shiga mota da sauri don kada suruki ya sake rungume ni. Har muka haye gadar Kwara hannuwana suna neman abin riƙewa a cinya.

Ranar da na iso ban ko huta ba na tafi gaban Mama Hannatu na faɗi gaskiya. Mata suka yi caa, wata ta ce dama ta faɗa. Hukuncin da aka yanke shi ne ni zan je wurin maginiya in tsaya a kan sabon tulu, kafin ya bushe a gasa kuma ni zan riƙa buga jarka duk Lahadi. Ina bugawa, kuna ji, kuna dariya, na yafe muku.

Amma masu tambayata har yau ba su ji abin da ya biyo baya ba, don sun riga sun watse. Mama Hannatu ta kira ni gefe ta rage murya.

"Yarinyar ta yi amshi?"

"Ta yi."

"Duka baitocin?"

"Ko ɗaya ba ta manta ba."

Ta daɗe tana kallon inda tulun yake zama, ta goge ido da bakin zane. Sannan ta ce, "To ai bai ɓata ba. Yana bakin aiki."